Wai da gaske ne zanzaro ba ya haihuwa?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum jama'a. Kwana huɗu kenan ina kallon wani zanzaro yana gini a bayan ƙofar kicin ɗina, sai ya je gindin randa inda ruwa ke ɗiga ya dunƙulo laka kamar ƙwayar dawa, ya taho da ita a baki ya liƙa ya koma, ba ya gajiya. Jiya da hantsi kuma na ga ya jawo wata koriyar tsutsa ta kusa kai shi tsawo, da ƙyar ya cusa ta ciki. Wallahi abin ya burge ni, na daɗe a tsaye. Kakarmu takan ce zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya raine ta ta zama ɗansa. Haka ne? Kuma in fasa ginin ko in bari, saboda yara.

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu ma haka muka taso muna ji, amma ba haka abin yake ba. Na farko dai wadda kike gani mace ce, namijin ba ya gini. Ita tsutsar nan abinci ce. Harbinta take yi a jiki ta sandare, ba ta mutu ba kuma ba ta iya guduwa, sai ta saka ƙwai ɗaya a ɗakin ta toshe da laka. In ƙwan ya ƙyanƙyashe sai ɗan ya tarar da nama ɗanye wanda bai ruɓe ba, ya yi ta ci har ya girma, bayan wasu makonni ya huda ginin ya fito da fukafukansa. Tsofaffinmu sun ga tsutsa ta shiga zanzaro ya fito, ƙwan ne kawai ba su gani ba don ƙarami ne sosai. Akwai wani Bafaranshe Jean-Henri Fabre da ya rasu a 1915, shekaru ya yi yana tsugune yana kallon irin waɗannan ƙwari kafin ya rubuta yadda suke sandarar da abincinsu.

Ɗan Fadama:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni na taɓa fasa wani muna yara, gizo-gizo na tarar cunkushe a ciki ƙafafunsu na ɗan motsi, ashe iri-iri ne, wani tsutsa yake kamawa wani gizo. Hajiya kar ki fasa don Allah, ba irin rina ba ne da ke taruwa su bi mutum, shi kaɗai yake harkarsa, in ba damƙe shi aka yi ba da wuya ya yi harbi. Kuma tsutsar da yake kwashewa ita ce mai cinye mana ganye a lambu, ni in na gan shi cikin tumatir ɗina murna nake.

Uwar Biyu:
Ikon Allah! Na gode Malam, na gode Ɗan Fadama. Na bar shi. Yanzun nan na leƙa har ta fara ɗaki na biyu a jikin na farko, na ce wa yara su zuba mata ruwa kaɗan a gindin randar kar lakar ta bushe.