Wace fulawa mai hawa bango ce za ta iya zafin Sakkwato?

Maman Biyu, Arkilla:

Assalamu alaikum jama'a, ya muka ji da zafi. Dan Allah tambaya gare ni wajen masu harkar shuke-shuke. Ƙanwar maigidana tana karatu a Ingila, tun da watan Afrilu ya kama take turo mana hotunan wasu ƙananan gidaje na ƙauyukan can, fulawa ta hau bango ta zagaye ƙofa da taga, wata ruwan hoda wata shuɗi-shuɗi tana reto daga sama, ga kuma 'yan kayan miya a ƙasa duk a haɗe ba wani layi ba wani tsari amma abin gwanin sha'awa wlh. Ta ce wai wannan ne lokacin da suke kira bazara a can, kowa na fitowa ya zauna a lambunsa. Ni kuma a nan bazarar tamu ko tsakar gida ba na iya taka wa ba takalmi. Muna da katanga ta bulo a yamma da tsakar gida, da la'asar in ka jingina da ita sai ta ƙona ka, kuma akwai wani ɗan fili gefen ƙofar kicin da nake son a yi rumfa. To abin da nake son sani, in ta zo mani da irin waccan mai shuɗin, wisteriya ta ce sunanta, za ta yi a nan? In ba za ta yi ba wacce za ta yi, kuma yaushe ake dasawa? Ruwan famfo ba kullum ba, wani lokaci sai mun saya wajen 'yan ga-ruwa, don haka kar a ba ni wadda za ta ƙarar da ni.

Ɗan Gwiwa a Landan:

Wa alaikumus salam Anti. Gaskiya kar ki sa ta wahalar da kanta da ɗauko wisteriya. Ni ina ganinsu kullum a hanyata ta zuwa makaranta, daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu suke zuba fure, amma sirrin abin shi ne sanyin da suka sha a baya. Shukar sai ta zubar da ganye kaf ta kwanta tsawon hunturunsu sannan in gari ya fara ɗumi ta farka da fure, to wannan sanyin ne ba mu da shi, hunturunmu na Sakkwato duk tsananinsa bai kai ba. Kuma ko a nan ɗin wadda aka shuka daga iri tana iya kwashe shekara 10 ko fiye ba ta yi fure ba, shi ya sa suke sayen wadda aka yi wa aure. Ita ma ba 'yar ƙasar ba ce fa, daga Sin aka kawo ta a 1816. Mai ruwan hodar da kika gani ina zaton kilematis ce, ita kuma ba ta son saiwarta ta ji zafi ko kaɗan, har duwatsu ko wata shuka suke sa wa a gindinta don inuwa.

Ki duba bambancin: Mayu a Landan da rana zafi bai cika wuce digiri 18 ba, mu kuwa Afrilu da Mayu 40 ne zuwa sama. Wani abin da ya ba ni mamaki da na zo, ruwan saman da Landan ke samu a shekara wajen milimita 600 ne, kusan ɗaya da na Sakkwato, sai dai su nasu yayyafi ne a warwatse duk shekara kuma rana ba ta shanye shi, mu namu daga Yuni zuwa Satumba ya gama zuba ya tafi.

Amma tsarin lambun shi kam za ki iya ɗauka. Asalinsa lambun talakawan ƙauye ne masu ɗan fili, su cusa kabeji da albasa da ganyen magani da fure wuri ɗaya saboda ba wurin ɓarnatarwa, daga baya masu tsara lambu irin su Gertrude Jekyll suka mai da shi ado har masu kuɗi suka kama. Ai kakata a Gwiwa haka bayan ɗakinta yake, zogale da yakuwa da lalle da duma a kan danga.

Mai Lambun Kwalkwalawa:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Yaron ga ya hwaɗi gaskiya, ki bar batun waccan. Abin da za ya yi miki ga katangar yamma bogenbiliya ta, wagga mai ƙaya da kika gani ta leƙo bisa katangun gidajen manya da makarantu cikin gari, ja da ruwan hoda da fara da ruwan goro. Asalinta Kudancin Amurka ta, wajen Barazil, kuma rana ita ce abincinta, in kinka sa ta inuwa ganye kawai za ki samu. Abin da mutane ba su gane ba, ita ƙishirwa ka sa ta fure. In ana ba ta ruwa safe da yamma ana zuba mata takin zamani irin yuriya, sai ta yi kore shar ta yi tsawo ba fure ko ɗaya, mai ita ya ce an sai mishi namiji. Ba wani namiji, gata ne ya yi yawa. Shekarar farko dai kam a kula da ita, bayan ta kama ƙasa bokiti guda a gindinta duk bayan kwana ukku ko huɗu cikin bazara ya isa, a bari ƙasar ta bushe kafin a ƙara. Tun daga sanyin hunturu take fara ado har cikin bazara, lokacin da komi ya bushe ƙura ta rufe gari ita ko tana ja wur. Kuma wanga mai launin da muka ce ma fure ganye ne ya rikiɗe, furen gaskiya shi ne ɗan farin nan ƙarami da ke tsakiya, shi ya sa launin ke daɗewa makonni bai zube ba.

Lokacin dashe kada ki yi yanzu, ki jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, ta samu wata ukku tana shan ruwan Allah. Rami kamu biyu zurfi, a haɗa ƙasar wurin da yashi da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai, na maimaita wanda ya ruɓe, don ɗanyen taki shi ka kiran gara kuma shina ƙone saiwa. In kinka sayo ta cikin leda a yanka ledar da reza a sa ta yadda take, kada a girgiza ƙasar, saiwarta ba ta son taɓi ko kaɗan, yawancin waɗanda sunka mutu ma mutane nan ne anka kashe su. A ja da ita taku biyu daga jikin katanga saboda zahin siminti. Kuma ba ta kama bango da kanta, sai an kafa ƙusa an ja waya layi biyu ko ukku an riƙa ɗaure reshen da tsumma. Ki sa a kwantar da rassan a gicce maimakon su miƙe sama, toho ya fi fitowa da yawa, fure kuma ga sabon toho yake fita. A gindin a zuba ɓuntun shinkafa ko busasshen ganyen dogon yaro ya riƙe laima.

Ta rumfar kicin kuwa ban ba ki shawarar mai ƙaya, wurin da ɗiya ka wucewa ne. Ki nemi wadda masu sai da fulawa ka ce ma rangun, 'yar Asiya ta. Furenta da maraice yake buɗewa fari, kashegari ya koma ruwan hoda, sannan ja, sai ki ga kala ukku ga reshe guda, ga ƙamshi bayan magariba har maƙwabta su ji. Sai dai ita ta fi son ruwa, to tunda gefen kicin ne ruwan wankin shinkafa da na kayan miya da na alwala duk a juye mata. Na wanki mai omo da bilic kam a'a. Rumfar ki sa mai walda ya yi ta ƙarfe, in kinka yi ta kara ko katako gara na cinye ta kafin shukar ta kai sama, ga ta da nauyi in ta girma.

Hajiya Inna, Runjin Sambo:

Malam mai lambu ya gama magana, Allah ya saka. Ni abin da zan ƙara ɗiyata, kada ki raina namu na gida. Kafin waɗancan su girma ai shekara ɗaya ko biyu ne, to wannan daminar ki jefa irin soso gindin rumfar, cikin wata biyu ya rufe ta, ga furensa rawaya manya-manya kowace safiya zuma na ta zuwa, ƙarshen kaka kuma ki tsinke soson wanka da na wanke-wanke ki raba ma dangi. Duma ma haka, shi nasa furen fari ne da yamma yake buɗewa. Garahuni ko ba ki shuka ba wani lokaci da kansa yake fitowa a danga, ɗan fure ƙarami da 'ya'ya masu ja in sun nuna, ga ganyen ana amfani da shi. Akwai kuma wani wake na ado mai shuɗin fure sosai, tunda shuɗin ne ya tafi da hankalinki shi za ki nema, daga iri ake shuka shi kuma ba ya daɗewa yake fara fure, ba ya tsoron zafinmu in dai yana samun ɗan ruwa. Mutanen Tailan har shayi suke yi da furen.

Abu biyu nake ja miki kunne. Idon zakara kar ki yarda wani ya ba ki da sunan ado, yana hawa da kyau kam amma 'ya'yan nan ja da baƙi guba ne mai kisa in yaro ya tauna, ke kuma ga 'yan biyu. Sannan akuya. In kuna da dabbobi ko ƙofa na zama a buɗe, ki zagaye dashen da ragar waya tun ranar farko, ƙayar bogenbiliya ba ta hana akuya cin sabon toho.

Abban Yusra, Mabera:

Ni fa ban goyi baya ba gaskiya, ku yi haƙuri. Duhuwa a cikin gida sauro take tarawa da damina, ga maciji ga kunama, kuma mai ƙayar nan in ta girma ta leƙa gidan maƙwabci ko ta hau wayar wuta rigima ce. Ga shara kullum. Wanda ke sayen ruwa a jarka ina ganin gara ya dasa dogon yaro ɗaya a ƙofar gida ya huta.

Mai Lambun Kwalkwalawa:

Malam Abban Yusra maganarka da ƙamshin gaskiya, amma sauro ga ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, tsohuwar taya da gwangwani da kwatar da ta toshe, ganye maɓoya ce kawai gare shi da rana. Maganin duhuwa almakashi. A share ƙasan shukar daga gindi har zuwa gwiwa ko ƙugu ya zama fili ana ganin ƙasa, kada a tara bulo ko itace a wurin, to maciji bai da wurin kwanciya. Aski kuma bayan ta gama zuba fure, gab da faɗuwar damina, a rage duk reshen da ya nufi waya ko gidan maƙwabci, a sa safar hannu mai kauri don ƙayar ba ta da wasa. Shara kam akwai ta, wanga ban musu. Dogon yaro itace ne mai albarka amma kusa da katanga ko masai saiwarshi na fasa gini, kuma ba ya hana rana dukan bangon yamma in yana ƙofar gida. Bangon da ganye ya rufe ko hannu ka sa ka ji bambanci da wanda rana ta daka tun azahar.

Maman Biyu, Arkilla:

Kai na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya Inna in sha Allahu soson da shuɗin waken zan fara da su, mai walda kuma zan sa maigida ya yi masa magana tun yanzu kafin ruwa. Baba mai lambu saura tambaya ɗaya, maƙwabciyata tana da bogenbiliya ja babba ta ce in zo in yanka, reshen yana kamawa ko dole sai na saya ta leda?

Mai Lambun Kwalkwalawa:

Shina kamawa Hajiya, mu ma haka muka yi. Ki zaɓi reshen da ya fara ƙwari, ba ɗanye kore ba kuma ba tsoho tukuf ba, kaurin fensir, tsawon taƙi guda. A cire ganyen ƙasa a bar biyu a sama, a soka rabinshi cikin leda mai yashi da 'yar ƙasa, a huda ledar ta ƙasa, a aje inuwa inda iska ba ta bugu. Ki yanka kamar goma don ba duka ka kamawa ba. Ruwa kaɗan-kaɗan, laima kawai, kuma kada a riƙa zaro shi ana duba saiwa, wata ɗaya da rabi zuwa biyu za ki ga toho. Cikin damina ya fi kamawa, don haka ki ce ma maƙwabciyar taki ta dakata da aski sai Yuni ku yi aiki guda.