Shawarwari kan Tallafa wa Yaran da ke Kwana a Tasha

A ranar farko kada a dame yaro da tambayoyi. A ba shi abinci, ruwan wanka da tabarma, a duba ƙazuwa, zazzaɓi da alamun shaye-shaye. Rajista sai ya natsu.

Kada a damƙa masa kuɗi, manyan yaran tasha za su ƙwace. A biya tela ko mai waldan da zai koya masa sana'a kai tsaye, a riƙa leƙawa kowane mako.

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne mayar da yaro gida ba a gano abin da ya koro shi ba. Kwana kaɗan sai ga shi ya dawo. In an ga alamar safarar yara, a sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya.