Pom Mahakan: ginin aka ceto, ko tarihin aka kora?

Alhaji Sabi'u: Salamu alaikum. Jiya na bi ta titin Maha Chai a Bangkok, babban birnin Thailand, na tsaya a Pom Mahakan, tsohuwar hasumiyar tsaron nan da ke kusa da gadar Phan Fa. Tun da aka tashi mutanen da ke zaune a bayanta a 2018 aka mai da wurin lambu, gini ya fito fes. Ra'ayina shi ne hukumar birnin ta yi daidai, tashin mutanen nan shi ya ceci wurin.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam Alhaji. Da girmanka, ban yarda ba. Me aka ceto ginin daga gare shi? Tun 1949 yake cikin jerin kayan tarihin ƙasa, an kuma yi masa gyara lokacin bikin cikar Bangkok shekara 200 a 1982. Duk wannan an yi shi mutanen suna zaune a wurin.

Nura: Don Allah a fara da tarihin, wasunmu ba mu san wurin ba.

Malam Habibu: To Nura. Sojojin Burma sun ƙone tsohon babban birni Ayutthaya a 1767. Sarki Taksin ya zauna a Thonburi, sannan a 1782 Sarki Rama na ɗaya ya ƙetare kogin Chao Phraya ya kafa fadarsa a gabar gabas. Kogi ya tsare masa yamma, sai ya sa aka haƙa gwalalo ta gabas, gari ya zama kamar tsibiri. A 1783 aka ja ganuwa mai tsawon kusan kilomita 7, da hasumiyoyi 14 a jikinta. Har tubalin kangayen Ayutthaya aka riƙa kwasowa a jiragen ruwa don aikin. Yau biyu kaɗai suka rage, Mahakan da Phra Sumen ta bakin kogi. Sauran an rushe su da aka zo buɗe tituna. Ita Mahakan kusurwa takwas gare ta, hawa-hawa ce, ƙasa faffaɗa inda ake girke igwa, sama ɗaki mai rufi na masu gadi, an shafe ta duka da farar ƙasa. Guntun ganuwar da ya saura yana nan manne da ita.

Alhaji Sabi'u: Madalla Malam, ka taimake ni. Abu 14 ya koma 2, ai dole a kula da abin da ya rage. Gidajen katako ne a matse a bayan ganuwa, wasu mazaunan ma sana'arsu sayar da kayan wasan wuta. Gobara ɗaya ta isa.

Malama Rabi: Maganar gobara gaskiya ce, amma maganinta a fitar da kayan wutar, gidajen su zauna. Alhaji, ka san irin gidajen da aka rushe? Akwai na katako da suka haura shekara ɗari. A wannan tsukin da ke tsakanin ganuwa da gwalalo aka yi ɗaya daga cikin gidajen wasan likay (wasan kwaikwayon gargajiya na Thailand mai waƙa da rawa) na farko a Bangkok, zamanin Rama na biyar. Akwai masu saƙa kejin tsuntsaye, akwai masu ƙera 'yan mutum-mutumin yumɓu, sana'o'in gado. A da haka bayan ganuwar birnin yake, jama'a na zaune suna ciniki ta ruwa. Kafin a rushe unguwar a 2018, Mahakan ce wuri na ƙarshe da mutum zai je ya ga yadda wannan zaman yake da idonsa. Na shiga unguwar sau biyu kafin a rushe ta. Wata tsohuwa ta zaunar da ni a inuwar wata babbar bishiya ta ba ni ruwa, ga allunan bayani da su da kansu suka kafa a jikin gidajen. Da na koma bayan 2018 ciyawa na tarar, raina ya sosu ƙwarai.

Barista Ummi: Anti Rabi, ina jin zafin da kike ji, amma akwai doka. A 1992 aka fitar da dokar karɓe filin don yin lambu. Da yawa daga masu filayen sun karɓi diyya, kotu kuma ta ba hukuma gaskiya. Ba kutse aka yi musu da dare ba, shekara 26 ana ja.

Malama Rabi: Shekara 26 ɗin ai hujjata ce, ƙanwata. A 2005 gwamnan Bangkok na lokacin, Apirak Kosayodhin, ya sa hannu da mazauna da Jami'ar Silpakorn a nazarci yadda za a bar unguwar ta zama gidan tarihi mai rai, mutane na ciki suna kula da shi. Abin da ya kashe shirin shi ne fassarar da aka yi wa dokar, wai tunda lambu aka rubuta, lambu kaɗai za a yi. Dokar da mutum ya rubuta ai mutum na iya gyara ta.

Nura: Tambaya ɗaya Malam Habibu, an taɓa yaƙi a hasumiyar kuwa?

Malam Habibu: Ba a taɓa kawo wa ganuwar Bangkok hari ba. Ko a 1785 da Sarki Bodawpaya na Burma ya taso da runduna tara, a can nesa aka tare su, babban karon ma a wajen Kanchanaburi aka yi shi. Shi ya sa nake ganin maganar Malama tana da nauyi. Ginin da bai ga yaƙi ba, yawancin labarinsa na waɗanda suka rayu a gindinsa ne.

Alhaji Sabi'u: Na ji. Amma ku dubi Phra Sumen. An yi mata lambun Santichaiprakan, kullum da yamma cike yake da jama'a, kowa na morewa. Me zai hana Mahakan ta zama haka?

Malama Rabi: Phra Sumen tana da kogi da iska, ga titin Phra Athit a gefenta mai shaguna da masu yawo. Lambun Mahakan a bayan ganuwa yake, mai wucewa ta titi ba ya ma ganinsa. Alhaji, jiya da ka shiga, mutum nawa ka tarar?

Alhaji Sabi'u: Gaskiya ba su da yawa, da rana tsaka na je. Ban sauka daga ra'ayina kan gobara ba, amma zan sake komawa da la'asar ranar Asabar in sha Allahu, in ƙirga in faɗa muku.