Taƙaitawar shawarwari kan ziyarar gidan Helen Keller

Ga abin da na tattara daga bayanan waɗanda suka taɓa zuwa Ivy Green, gidan da aka haifi Helen Keller, marubuciyar nan makauniya kuma kurma, a 1880, a garin Tuscumbia na jihar Alabama a Amurka.

1. An yi ittifaƙi cewa a karanta tarihinta kafin a tafi, musamman yadda rashin lafiya ya raba ta da gani da ji tana 'yar wata 19, domin gidan ba shi da girma, kuma wanda bai san labarin ba zai fito da wuri bai fahimci komai ba.

2. Kowa ya ambaci famfon tuƙa-tuƙa da ke bayan gida, inda a 1887 malamarta Anne Sullivan ta riƙa kwarara mata ruwa a hannu ɗaya tana rubuta sunansa a tafin ɗayan, har yarinyar ta gane cewa kowane abu yana da suna. Shawarar ita ce a tsaya a nan sosai, kada a ɗauki hoto kawai a wuce.

3. A leƙa ƙaramin ɗakin da ta zauna da malamar, a kuma duba na'urarta ta rubutun makafi.

4. Ra'ayi ya rabu kan lokacin zuwa. Wasu sun zaɓi ƙarshen Yuni saboda bikin tunawa da ita, wasu kuwa sun ce zafi da cunkoso suna hana natsuwa.

5. Wasu sun koka cewa an fi mayar da hankali kan yarintarta fiye da gwagwarmayar da ta yi wa masu buƙata ta musamman bayan ta kammala jami'a a 1904, kuma a ganina suna da gaskiya.