Neman kalma: wane suna za mu ba ciwon da ke soke mai gudu a gefen ciki?

Kocin 'yan gudu, Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum. Ana rubuta takardar horo da Hausa don yaran da ke atisaye a filin wasa na Sani Abacha, sai aka zo kan wani ciwo da ba shi da tsayayyen suna. Turawa na kiransa stitch. Mutum yana tsaka da gudu sai ya ji kamar an caka masa tsinke a ƙasan haƙarƙari, galibi ta dama. In ya sassauta ko ya tsaya, cikin 'yan mintuna ya lafa. Wasu yaran su ce saifa ce, wasu su ce ciwon ciki kawai. Me za a rubuta?

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam, Koci. Kada dai a ɗauko ma'anar kalmar a ce "ɗinki", don ba wanda zai gane. "Ciwon haƙarƙari" kuma tuni mutane suka ba wa ciwon huhu. Murɗa da karta na hanji ne. "Ciwon gudu" kuwa, kunne gudawa zai ji. Abin da ya rage shi ne suka, tunda haka ciwon yake zuwa. Ina ba da shawarar "sukar gudu".

Likitan wasanni:
Malama, na yarda da suka, amma a cire saifa daga lissafi. Saifa a hagu take, ciwon nan kuwa ya fi yawa a dama, ɓangaren hanta. Bayanin da ya fi ƙarfi a wurin masana yanzu shi ne na tantanin da ya shimfiɗu a bangon ciki ta ciki. Tantanin nan ninki biyu ne, da ɗan ruwa a tsakani don kada su goge juna. In tumbi ya cika ya turo, ga kuma jijjigar gudu, sai gogayya ta faru, ciwo ya fito a wuri ɗaya da mutum zai iya nunawa da yatsa. Shi ya sa wani kan ji shi har a kan kafaɗa, saboda jijiyar da ke ƙarƙashin tantanin numfashi (tsokar da ta raba ƙirji da ciki) da ta kafaɗa tushensu ɗaya a wuya. Akwai tsohon bayani cewa jini ne ke ƙaranci a tantanin numfashi, amma mahayin doki ma yana samun ciwon alhali ba haki yake ba.

Nan ne matsalar "sukar gudu". Masu iyo suna samu, masu sukuwa a hawan sallah ma haka. Masana a Ostireliya da suka tattara bincike a 2015 sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu gudu sun ji shi a cikin shekara guda, kuma a tsere ɗaya kusan mutum 1 cikin 5. Ya fi kama yara da matasa, yana raguwa da shekaru.

Malamar Hausa:
To, Likita, sai mu bi wurin maimakon aikin: "sukar kwiɓi". Tana shiga jimla ba wahala: sukar kwiɓi ta kama shi, ta sake shi.

Mai horar da 'yan ƙwallo, Sabon Gari:
Kwiɓi ai ya ɗan yi ƙasa, Malama. Amma ya fi duk sauran, kuma yaro zai gane nan take.

Kocin 'yan gudu, Ƙofar Mata:
An tsaya a kan sukar kwiɓi ke nan. Ga abin da zai shiga ƙarƙashinta.

Rigakafi daga abinci yake farawa. Bayan tuwo, shinkafa ko fura da nono, a bar awa 2 zuwa 3 kafin gudu. Mai fita da asuba ya bar koko da ƙosai sai ya dawo. A watan azumi aka fi ganin ta, don yaro zai sha kunu da zoɓo da lemon kwalba a buɗa-baki, ya faɗa fili ko awa ɗaya ba a yi ba. Abin sha mai sukari da yawa yana jimawa a tumbi, don haka ya fi ruwa tayar da ita. Ruwan ma kada a kwankwaɗi ledar fiya wata gaba ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku ya isa, a sake bayan minti 15 zuwa 20. A fara da sassarfa ta minti 10, a miƙe baya, kada a yi gudu a ranƙwafe, sannan a riƙa atisayen ƙarfafa tsokar ciki sau 2 ko 3 a mako.

In ta riga ta kama, a rage gudu, a danna wurin da yatsu uku, a ɗan sunkuya, a ja numfashi har ciki ya kumbura, a fitar a hankali da leɓe a tsuke. In ba ta saki ba a tsaya, a ɗaga hannun ɓangaren da ke ciwo sama, a karkata zuwa ɗaya ɓangaren na daƙiƙa 20 zuwa 30.

Likitan wasanni:
Koci, a ƙara layi ɗaya da jan biro. Sukar kwiɓi tana tafiya da hutu. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan an huta, ko ya zo da zazzaɓi da amai, ko ya sauka ƙasan ciki ta dama, ko nauyin ƙirji mai gangarawa hannun hagu, wani abu ne daban, a tafi asibiti. Mai sikila da ya ji ciwo a hagu yana atisaye, musamman a zafin Maris da Afrilu, ya tsaya, ya sha ruwa, a kai shi a duba shi, don a wurinsa tana iya yiwuwa saifar ce da gaske.