Shayar da alumina: yadda ta kaya mana a karon farko

Ɗalibar digiri na biyu, Ngaundare:
Assalamu alaikum. Ina cigiyar waɗanda suka taɓa haɗa katalis da hannunsu, wato sinadarin da ke hanzarta sauyawar wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Nawa na ƙarafan molibdenam ne da kobal a kan gamma-alumina (wani nau'in farin garin oksid na aluminiyam), irin wanda matatu ke cire sulfa daga man dizal da shi. Na narkar da gishirin molibdenam, wato amoniyam heptamolibdet, na tuttula a kan giram 10 na alumina, sai ya zama kunu. Na sa a tanda ya kwana, da safe na tarar da farin ɓawo a jikin kwanon kamar kanwa. Wata guda na yi ina jiran aluminar nan daga Duwala, wallahi har hawaye na yi.

Malamin kimiyyar sinadarai, Garwa:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Ruwa ne ya yi miki yawa, ni ma haka na fara. Alumina cike take da ƙananan ramuka, kuma iya abin da cikinta zai ɗauka ake ba ta. Ki auni giram 1, ki riƙa ɗiga ruwa ɗigo-ɗigo kina juyawa da sandar gilashi. Da farko za ki ga ruwan yana ɓacewa, garin yana nan a warwatse. Inda ya fara sheƙi yana dunƙulewa, nan ne ƙoshinsa. Yawanci tsakanin mililita 0.5 da 0.8 ne a kowane giram, kin ga giram 10 ba zai wuce mililita 8 ba. A cikin wannan ɗan ruwan za ki narkar da gishirin duka.

Kafin nan ki busar da aluminar a digiri 120, domin damina a Ngaundare doguwa ce, raɓar iska ta riga ki shiga ramukan. Bayan shayarwa ki rufe ta, ta huta sa'o'i, sannan ki busar a hankali. In kika gaggauta, ruwan zai gudo waje ya jawo gishirin, shi ne ɓawon da kika gani. Kuma kada ki gwama kobal da molibdenam a kofi ɗaya haka kawai, suna iya kwantawa a ƙasa. Molibdenam tukuna, a gasa, sannan kobal.

Injiniya, Injamena:
Ni wurin gashi na sha tawa. Tun da aka buɗe matatar man Jarmaya ta Chadi a 2011 raina ya kwanta da wannan fanni. Ranar da na sa samfurina na farko, na saita tanda a digiri 500 na tafi sallar la'asar. Ashe an ɗauke wuta an dawo da ita, na'urar ta rikice ta haura 750. Da na buɗe sai ga gari shuɗi shar, ya fi yadda ya kamata duhu, gwanin kyau. Malaminmu ya kalla ya girgiza kai. Kobal ɗin ya nutse cikin alumina ya haɗe da ita ya zama wani sinadari daban, alumineti, ba ya sauran aiki, ga shi molibdenam ma yana fara tashi a irin wannan zafin. Yanzu kujera nake jawowa gaban tanda: zafin ya riƙa hawa digiri 2 zuwa 5 a minti, har 500, a tsaya sa'a 4. Ƙanwata, ki kula da jan hayaƙin da gishirin kobal naitret ke fitarwa wurin gashi. Na shaƙa sau ɗaya, kwana biyu ina tari.

Ɗalibi, Marwa:
Katalis na ƙarfen banadiyam na yi, don mayar da iskar gas ta furofan zuwa furofilin. Gishirin banadiyam ɗin, amoniyam metabanadet, ya ƙi narkewa, na yini ina juyawa. Da na ƙara asid ɗin okzalik na ɗumama, sai ruwan ya koma shuɗi, ya narke tas. Sai ƙurar hunturu: duk abin da ka bari a buɗe a nan ya gauraya.

Wata mai bincike, Kusiri:
Malam, a gafarce ni, amma ba kowa ke da kuɗin alumina ba. Ni yumɓun karal nake amfani da shi, ƙasar da ake noman dawar maskuwari a kanta. Na wanke da asid, na ɗora nikel, ina fasa tsohuwar leda ta zama mai. Yana aiki. Damuwata ita ce wanda na ɗebo bara da na bana ba su ba ni sakamako ɗaya ba, don ƙarfen da ke cikin ƙasar ya bambanta.

Ɗalibar Ngaundare:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na auna, mililita 0.6 ne a kowane giram. Giram 4 ya rage mini, na shayar da shi jiya, ba ɓawo ko kaɗan. Gobe zan gasa, kuma Yaya na Injamena, na riga na ajiye kujerata a gaban tanda.