Begen ranar Lahadi ba ya kai ni Laraba

Mai kabu-kabu, unguwar Zariya:
Salama 'yan'uwa. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 kasuwata a nan Maradi ba ta sake miƙewa ba. Da atamfa nake ɗaukowa daga Jibiya ta Ɗan Issa. Jarin ya ƙare a tukunya, yanzu kabu-kabu nake yi da moton wani. Ranar Lahadi ina waƙa a sujada har murya ta dishe, amma Laraba na yi, in laluba aljihu in ji jaka biyu kacal, ga mai moto na jiran nasa, sai zuciya ta karye. Jiya na daka wa ɗiyata tsawa a kan kuɗin alli. Alli fa! Begen nan da fasto ke wa'azi a kai, yaya mutum ke zuwa da shi gida?

Dattijo daga Tibiri:
Ɗana, buɗe Ayuba 14:7. Ko itacen da aka sare yana da bege, zai sake toho. Ni da idona na gani. Bayan yunwar 1984 gonarmu fayau take, iska na binne hatsi da rairayi. Lokacin ne Tony Rinaudo na ƙungiyar mishan ta SIM yake yawo ƙauyukan Maradi yana cewa mu daina ƙone kututturan kalgo da sabara, saiwarsu na da rai a ƙasa. Ka zaɓi toho uku ko huɗu masu ƙarfi, ka sassabe sauran. Sassabin zamani ke nan. Dariya muka yi masa. Yau a inuwarsu nake shan fura. Sai dai ba a damina ɗaya suka yi inuwa ba.

Uwar zumunta, Ali Ɗan Sofo:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ƙanena, inuwa ba ta biyan mai moto. Matarka ta san abin da kake samu? Ku maza kun cika haɗiye abu. Zauna da ita ku yi lissafi, ku yi addu'a tare kafin ka tada moto. Muna da adashi a zumuntar mata, ta zo. Yarinyar kuma ka ba ta haƙuri yau, girmanka ba zai zube ba.

Mai kabu-kabu, unguwar Zariya:
Na gode Baba, na gode Yaya. Na ba ta haƙuri da dare. Ta yi shiru can, sai ta ce, "To Baba, allin fa?" Da safe na saya mata na dala goma.